Batirin Kunnen Baba

Mai gyara ya zare ɗan batirin daga na'urar da ke taimaka wa Baba ji, ya auna shi.

"Hajiya, wa ya ce miki ya mutu? A cike yake."

"Sake dubawa dai," in ji autar Baba. "Mako uku ke nan ko ganga aka buga masa ba ya waiwayowa. Shi da bakinsa ya ce batirin ya daina ɗaukar caji."

Mai gyara ya mayar da batirin, ya kara na'urar a kunnensa. "Har motsin fankar nan ina ji. Lafiyarta lau."

Auta ta karɓi na'urar. A makonnin nan ne ita da yayyenta biyu suka riƙa zama a falon Baba, yana tsakiyarsu da na'urar a kunne, suna shawarar wanda zai ɗauke shi tunda Mama ta rasu. Babban yaya ya ce gidansa ba ɗaki. Mai bi masa ta ce mijinta ba zai yarda ba. Ita kuwa Auta cewa ta yi ta gaji da wankin fitsarin tsoho. Da ƙarfi ta faɗa, har aka yi dariya.

Ta juya ga Baba da ke zaune a gefen shagon, ta maƙala masa na'urar.

"Baba, kana ji na?"

"Ina ji, Auta. Ranar da na fara tsinkayo maganarku ta bayan ƙofa na ce batirin ya mutu, don kada ku ji kunyata." Ya dafa sandarsa ya miƙe. "Mu je gida. Kada ki faɗa wa yayyenki."