Harsashin Gada

Tunda kana ganin kowane aiki ƙarfi yake so, saurari labarin wani maharbi, sai ka auna da kanka.

A wani ƙauye na gindin dutse an yi wani maharbi da sunansa ya kai nesa saboda manyan namun dawa. Gwanki da gyado su ne abincin bindigarsa, harsashin da yake ɗura mata kuwa kaurinsa ya kusa babban yatsa. A garin akwai wani tsoho makaɗin garaya, wanda tun zamanin mahaifin maharbin shi ke yi wa maharba kiɗa. Ana dab da bikin buɗar dawa sai fatar garayar tsohon ta tsage. Garaya irin tasa ba a rufe ta sai da fatar gada, ita ma lafiyayya, wadda tsakiyarta ba ɓaraka. Maharban garin suka fita suka kawo abin da suka samu, amma duk gadar da aka shimfiɗa fatarta sai a tarar harsashi ya yi mata kaca-kaca. Tsoho ya dogara sandarsa har ƙofar gidan maharbin, ya ce, "Ɗana, na yi wa mahaifinka kiɗa har ya koma ga Allah. In bana aka buɗe dawa ba a ji muryar garayata ba, ni kam tawa ta ƙare." Maharbin ya durƙusa ya ce, "Baba, koma gida ka tanadi tsarkiyar garayarka."

Ransa ya so ya fita da babbar bindigar, don da ita duniya ta san shi. Ya daɗe yana shafa ta, sannan ya jingine ta, ya sauko da wata 'yar bindiga mai ƙaramin baki da ta jima a rataye. Ya zazzage harsasanta a faifai, ya ga ashe su ma ba ɗaya suke ba. Sai ya cura jiƙaƙƙen yumɓu kamar girman ƙirjin gada, ya lulluɓe da tsohuwar fatar akuya, ya kai bayan gari. Ya fara da harsashi mai rami a ka, mara nauyi. Yana taɓa fatar ya tarwatse, ya bar mummunan yagi a waje, ciki kuwa ko rabi bai kai ba. Irin wannan harsashi fata zai ɓata, ya bar dabba da ciwo. Ya sake cura yumɓun, ya gwada mai rigar tagulla har baki. Harsashin ya shige ya fice kamar basilla a buhu, bai yi wata ɓarna ba. Maharbin ya girgiza kai, don ya san irin wannan: gada za ta ɗauke shi ta ruga, ta je ta mutu a ƙarƙashin wata geza, ta zama mushe, ba nama ba fata, sai alhaki. Can ƙasan faifan akwai waɗansu masu ɗan nauyi, bakinsu darma ce mai taushi. Ya harba ɗaya. Ƙofar da ya yi wa fatar ba ta fi ƙwayar wake ba, amma da ya fasa yumɓun sai ya tarar harsashin ya baje a tsakiya kamar kan naman kaza, ya tsaya nan. Ya yi murmushi, ya zuba su a jaka.

Da sassafe ya bi ta tsakiyar gari da 'yar bindigarsa a kafaɗa. Masu dawowa daga masallaci suka bi shi da kallo, wasu na tambayar juna ko kurciya zai harbo. Bai sauya tafiyarsa ba. Ya sami gefen fadama inda sawun gada ya yi yawa, ya bi bayan iska, ya lafe cikin sabara. Ya san ƙaramin harsashi ba ya son nisa, ba ya kuma yafe kuskure. Wata gada ta fito da ɗanta a baya, ya ƙyale ta. Wata ta gifta can nesa, ya bar ta ta wuce. Rana ta fara zafi, ƙafarsa ta yi sanyi, cinnaku suka same shi, bai motsa ba. Sai ga wani ƙosasshen namiji ya fito kusa, ya tsaya a gicciye yana tsinkar ganye. Maharbin ya saita bayan kafaɗa, ya danna. Gadar ta yi tsalle ɗaya ta faɗi. Ya isa gare ta da sauran rai, ya yi bisimilla ya yanka.

Da aka feɗe, fatar ta fito sumul, ɗan hujin ma ya faɗa gefen da za a datse. Aka kai wa tsohon, ya rufe garayarsa da ita. Ranar biki, da tsohon ya ɗora yatsunsa, garaya ta yi wata irin amsawa da ta sa manyan maharba zabura tsaye. Ya kaɗa taken maharbin, ya ɗaga tsohuwar muryarsa ya yi masa sabon kirari: mai ka da gwanki da tsawa, mai ɗauko gada da allura. Maharbin ya shigo fage yana taku ɗai-ɗai, ya ɗaga 'yar bindigar sama da hannu ɗaya, mata suka rangaɗa guɗa. A duk manyan namun da ya taɓa kayarwa, babu wanda ya cika masa ƙirji kamar wannan 'yar gada.

Shi ya sa Hausawa suka ce, daidai ruwa, daidai tsaki.