Tsagar da Ta Yi Tsada

Tsohon ya karɓi wayar ɗansa da yatsu biyu, kamar an miƙa masa ruɓaɓɓen kifi. Wai hotunan fuskoki dubu biyar ne na'ura ta harhaɗa, hula daban, ido daban, gemu daban, kowace da bayaninta, ana saye da kuɗin intanet da ake kira kirifto.

"Wannan ta fi tsada, Baba. Bayaninta ya nuna babu irinta."

Tsohon ya ƙura wa hoton ido. Tsagar kumatunsa ce, layi bayan layi. Saboda ita ɗan ya hana shi zuwa daga Gwandu ranar bikin kammala karatunsa a Kalgo.

Ya mayar da wayar, ya taɓe baki.

"Ashe a fuskata kaɗai take ba ka kunya."