Dangwalen Ammi

"Lauya, sunan wanda ya hana gyara tukunyar tururin nan kawai nake so," na ce. Sati uku ke nan da ta fashe a masana'antar rininmu ta Faisalabad, ta kashe autana Tanwir.

Babban ɗana Shahbaz ya ja mayafina. "Ammi, mu tafi gida."

"Sake ni! Sai na ga an ɗaure shi."

Lauyan ya turo min takarda, ya kira ni Khala, wato goggo, don girmamawa. "Khala, daraktan kamfanin ne ya amince a ɗage gyaran. Shi kotu ke nema."

Ban iya karatu ba, amma na gane dangwalen yatsana a gurbin sa hannun daraktan. Duk Juma'a Shahbaz yakan kawo min alkakin jalebi da takardun da zan dangwala wa yatsa, wai albarkata yake nema.