Zaren da Ya Ƙi Miƙewa

Kai da kake cewa abin da hannunka ya saba shi kaɗai ne daidai, gyara zama ka ji wannan. An yi wata tsohuwar maɗinkiya a wata unguwa wadda ɗinkinta ya yi suna wajen ƙarko. In ta ɗinka wa mace atamfa, sai yadin ya koɗe ya mutu ya bar zarenta da rai. Da kekenta na ƙafa ta ciyar da marayunta har ta aurar da su. To, zamani riga ne. 'Yan mata suka koma kayan kanti da gwanjo, manyan da ke kawo mata ɗinki wasu suka tashi, wasu ƙasa ta rufe idonsu. Ɗanta ya bi ya dame ta, wai ta huta haka nan, a fitar da keken da ya cinye rabin ɗaki. Ita kuwa ta san ranar da keken ya fita, ta zama tsohuwar da ake miƙa wa tuwo a ce mata sannu, shi ke nan. Sai ta yanke masa magana: muddin akwai mutum ɗaya da ke kawo mata ɗinki, ba mai taɓa shi, ranar da babu kuwa ya zo ya ɗauka. Kuma mutum ɗayan ce ta rage mata, wata malamar asibiti maƙwabciyarta, wadda ake goyawa a babur zuwa ƙauyuka yin allurar rigakafi.

Wata rana malamar ta shigo da yadi mai roba, irin wanda in ka ja ya miƙe, in ka saki ya koma. Wando take so da za ta riƙa sawa ƙarƙashin doguwar riga saboda hawan babur. Ta zo kuma da takardu masu zanen yadda za a yanka wandon, waɗanda ta sauke daga intanet a wayarta, aka buga mata a shagon kwamfuta, ta haɗa su da salatif. Ta karanta wa tsohuwa bayanin da ke jiki: wannan yadi ba ya son miƙaƙƙen ɗinki, sai mai lanƙwasa da teloli ke kira zigizag, domin zare ya samu wurin miƙewa tare da yadi. Keken tsohuwa bai san zigizag ba. Mai keken da ke yin zigizag a layin tana nan, wata mata ce da tsohuwar da kanta ta koya wa riƙon almakashi, kuma da ta aika mata ko da yankakken wandon ne, da ta bi mata shi da murna. Amma ina! Girman kai rawanin tsiya. Tsohuwa ta taɓe baki ta ce a ranta, wai yau takarda ce za ta koya mini ɗinki? Yankan dai ta bi zanen, ya fita tas. Da ta zo kan keke sai ta matse zare, ta ƙanƙanta taku, ta bi hantsar wandon ta sake bi, yadda ta saba yi wa kayan da take so su daɗe. Ta duba aikinta ta ji daɗi, don a ido ba shi da makusa.

Da safe malamar ta sa wandon, ta ɗaga ƙafa za ta hau babur a ƙofar gida. Yadi ya miƙe, zare ya ƙi. Sai jin ƙas-ƙas-ƙas, ɗinki ya tsinke daga hantsa har gwiwa, ga mai babur, ga maza zaune a dakali. Ta ja riga ta koma ciki da kunya kamar ta nutse. Da yamma ta dawo da wandon, ko faɗa ba ta yi ba, cewa kawai ta yi, "Ba komai Iya, yadin ne mai wuyar sha'ani." Wannan lallashi ya fi zagi yi wa tsohuwa ciwo. Ko a nan da ta sauko, da an gyara. Amma abin da ta fahimta shi ne zaren ne bai yi ƙwari ba. Ta nemo wanda ya fi shi kauri, ta ƙara matsewa, ta bi ta bi har wurin ya yi tauri kamar igiya. Da ta ja don gwadawa, zaren bai tsinke ba kam, yadin ne ya yage a gefensa, duk inda allura ta huda ya zama rami. Ta warware, ta matsa ciki, ya sake yagewa, har wandon ya ƙare a hannunta, ba abin da za a kama a ɗinka.

Malamar ba ta daina gaishe ta ba, amma ba ta ƙara kawo ɗinki ba. Ragowar yadin ma can gidan mai zigizag ta kai. Tsohuwa ta yi ta goge keke tana zuba masa mai, tana kasa kunne ko za a yi sallama da ƙunshin yadi, shiru. Da ɗanta ya zo da mai baro, ba ta hana shi ba, don ita ta yi alkawarin da bakinta. Aka fitar da keke, ya bar sawun ƙafafunsa a daɓen ɗaki. Ta zauna kusa da wurin da ƙyallen yadin nan a hannu, tana ja yana miƙewa, tana saki yana komawa, hawaye na zuba. Baƙin cikinta shi ne ba lalaci ya kayar da ita ba, ba kuma ha'inci ba. Ƙarkon da ya ɗaga sunanta shi ya raba ta da sana'arta, don ta ba sabon yadi abin da tsohon yadi ke so.

Shi ya sa Hausawa suka ce, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.