Rimin Shamuwa da Sabon Kwanon Boaz

Boaz ya gama rufa ɗakin amarya da sabon kwano, ƙyallinsa har daga titin Kafanchan ana hangowa. Da Kirsimeti zai auri Keziya, masarar gonarsa kuma ita za ta ciyar da baƙin biki. Abu ɗaya ya hana zuciyarsa sakat: tsohon rimin bayan ɗakin, inda shamuwa ke sheƙa duk damina, suna zubo kashi fari fat.

"Sare shi zan yi," ya ce wa Keziya bayan sujadar Lahadi.

"Haba, Boaz! Baƙin Allah ne fa, ƙasashe suke ketarowa kafin su iso mana. Na ji a rediyo, ƙasashe da yawa har da Najeriya sun sa hannu a kare tsuntsaye masu ƙaura da masaukinsu."

"To, waɗanda suka sa hannun su zo su wanke mini kwano."

"Kakanka bai taɓa shuka ba sai ya ga shamuwa ta sauka."

"Kakana rufin ciyawa gare shi, 'yan mata."

Ya sare rimin, ya yi gawayi da shi.

Da hadari ya fara haɗuwa, sai ga shamuwa. Suka yi ta shawagi a kan kututturen kamar masu neman gidan da suka sani, sannan suka yi gaba. Can tsakiyar damina tsutsa ta faɗa wa masara. A da, shamuwa ke bin kunya-kunya suna tsince ta. Bana babu mai tsincewa. Gonar Boaz ta zama kamar rariya, haka ta Baba Azariya, mahaifin Keziya, da ke maƙwabtaka da ita.

Baba Azariya ya kira shi. "Ɗana, kwanonka ya yi kyau, amma baƙi ba sa cin kwano. An ɗaga biki sai baɗi."

Boaz na zaune a kan kututturen idanunsa sun yi ja, sai ga Keziya da bokitin ruwa da dashen rimi.

"Hawaye ba ya tsiro. Tashi ka haƙa rami."

"Kafin ya girma ai mun tsufa!"

"Yauwa. Jikokinka ne za su wanke kwanon."

Ya yi dariya duk da ƙuncinsa, ya ɗauki fartanya.

Jama'a, gwamnatoci na sa hannu a takarda, amma bishiyar da tsuntsu zai sauka a bayan ɗakinmu take. Wanda ya rushe masaukin baƙon da ke tsare masa gona, rumbunsa ya rushe.