Ranar Da Aka Nuna Rahmatu Da Yatsa

Rahmatu mai waina ce a unguwar Lamadji. Tun da mijinta ya rasu, da wannan tuyar take ciyar da kanta da 'yarta Hamdiyya. Da safe za ka ga masu kilando, wato 'yan acaɓa, sun jingine baburansu suna jiran ta kwashe daga tanda.

Akwai abin da take ɓoyewa. Hamdiyya tana da farfaɗiya. Likita ya faɗa mata ba a ɗaukar ciwon, kuma magani yana kwantar da shi in ana sha a kai a kai. Amma Rahmatu ta san unguwarsu. Da yawa sun yarda cewa wanda yawun mai farfaɗiya ya taɓa, shi ma ya kamu.

Da kuɗin maganin ya gagare ta, sai ta je wajen Zubair, ƙanin abokin mijinta. Shi ke jagorantar wata ƙungiyar matasa a Kabalaye, masu wasan kwaikwayo da karanta waƙoƙi don tara taimako ga mabuƙata.

"Yaya, za mu yi wasa a kan wannan," in ji Zubair. "Abin da aka tara, na maganin Hamdiyya ne."

"Ƙanena, ka rufa mini asiri. Kada a san mu ne."

"Wallahi ko sunanki ba za a ji ba."

Aka yi wasan bayan la'asar a filin wata makaranta, rabi da Hausa rabi da Larabci. 'Yan kasuwa sun zo, matan unguwanni sun cika tabarmi. Rahmatu ta zauna can baya, ta ja mayafi. Yarinyar da ta fito a matsayin mara lafiyar ta iya wasa ƙwarai. Da ta faɗi tana karkarwa, wasu mata har da hawaye.

Amma da aka zagaya da ƙwarya, hannuwa suka yi nauyi. Wani dattijo ya ce da ƙarfi, "Ai wasa ne kawai. Wa ya san inda taimakon zai tafi?"

Maganar ta soki Zubair. Ya dubi ƙwaryar, ya dubi jama'a, ya ɗaga makirfo.

"Ba wasa ba ne, Alhaji! Ga uwar yarinyar can zaune. Yaya Rahmatu, tashi su gan ki!"

Kawuna suka juya. Wayoyi suka tashi sama. Rahmatu ba ta tashi ba, amma yatsansa ya riga ya nuna ta. Nan take ƙwarya ta cika, har aka kawo ta biyu. Zubair ya koma gida ana ta yi masa barka.

Kafin mako ya ƙare, bidiyon ya kewaye Lamadji. Masu kilando suka koma wajen wata mai ƙosai. Wainar Rahmatu ta riƙa hucewa a roba har rana ta take. A makaranta, iyaye suka ce kada a zaunar da 'ya'yansu benci ɗaya da Hamdiyya. In ta fito ɗiban ruwa, yara su bi ta, su zube a ƙasa suna karkarwa kamar yadda suka gani a waya, suna dariya. Daga nan ta daina fita. Ko ƙofar ɗaki ba ta leƙawa.

Zubair bai san komai ba. Ya sayi magani cike da leda, ya ɗaura buhun shinkafa a babur, ya nufi Lamadji da fara'arsa. Ya tarar da amalanke a ƙofar gida, an ɗora katifa da tukwane, tanda a kife a sama.

"Yaya, lafiya? Ina zuwa haka?"

"Toukra, wajen ƙanwata. Can ba a san mu ba tukuna."

Ta ba shi labari ba tare da ta ɗaga murya ba.

"Don Allah ki yafe mini. Taimako na yi nufi."

"Na sani. Kawo maganin, dole ta sha." Ta karɓi ledar. "Amma da na zo wajenka, Zubair, ciwo ɗaya ke damun 'yata. Jiya ta tambaye ni ko ita abar dariya ce. Ban san me zan ce mata ba."

Hamdiyya ta fito a lulluɓe, ta wuce shi kanta a ƙasa. Da can, in ta hango shi, da gudu take zuwa tana kiran "Kawu!"

Ya tsaya riƙe da babur har amalanken ya sha kwana. Tun daga ranar bai sake hawa dandali ba. In abokansa suka kira shi atisaye, sai ya ce su fara, yana zuwa.

Mai karatu, tara taimako aikin lada ne, amma mutuncin mabuƙaci ba naka ba ne da za ka sayar don ƙwarya ta cika. In wani ya ba ka amanar damuwarsa, ka taimake shi a rufe, kada ka nuna shi sai da yardarsa.