Kyandir Biyu na Shigar Asabar

Ranar Talata muka binne matata a maƙabartar Yahudawan Melbourne. Duk Juma'a kafin faɗuwar rana takan kunna kyandir biyu, ta rufe ido da tafukanta, ta yi wa gidanmu addu'a.

"Sarkin karatu, ce amin mana. Bakinka ba zai yage ba," takan ce min.

"Allahn da sai an haska masa, me zai gani?" nakan ce.

Juma'ar nan na tarar kyandir ɗin suna ci da wuta, ni kaɗai a gidan. Tafuka masu sanyi, masu ƙanshin ƙullin burodi, suka rufe min ido. Raɗar addu'ar ta kai inda takan dakata, ta jira ni.

Ina buɗe baki, wutar ta mutu. Amin ɗin yana maƙogwarona har yau.